Tsagin Ragon Kaka

Jiya jikata mai karatun jinya ta buɗe mini littafinta, ga hoton mutum an ja masa layi daga tsakiyar kai har ƙasa. Ta ce kalmar likitoci ce, ma'anarta a raba jiki biyu daidai, dama da hagu, wai yaya za ta faɗe ta da Hausa? Na ce tsagawa mana! Tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya.

Ka ga, a gidanmu can kusa da Lolo, bakin iyakar Dahomey, datsawa daban, tsagawa daban. Datsawa a gicciye take, wani ya tafi da ƙirji, wani da cinyoyi. Tsagawa kuwa ƙashin baya ake bi daga wuya zuwa wutsiya, har lakar da ke cikin ƙashin ta rabu biyu. Kakana gwani ne. Kowace babbar salla shi yake tsaga ragon layya da hannunsa, a kai wa ƙanensa ɓarin dama a Dahomey. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu.

Shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, salla ta faɗo cikin bazara, zafi kamar a bakin murhu. Hannun Kaka ya daɗe yana rawa, yana ɓoye shi cikin riga. Da aka feɗe rago ya ɗauki wuƙa, ya ɗora, ya janye, ya sake ɗorawa. Sai ya miƙa wa babana.

Kaka ya ce, "Kada wanda ya kai zancen ga ƙetare."

Ƙanen nasa ƙafa ta dame shi, ga jandarma, 'yan sandan can, sun fara tambayar takarda a hanya, shi kuwa ba shi da ita. Kaka ba ya so ya taso.

Baba ya tsaga, gumi na zuba. A idona dai daidai yake. Washegari na nace sai na bi shi, muka ɗora naman a jaki muka bi ta gonaki don mu kauce wa jandarma.

Da muka isa gidan ƙanen Kaka, tsohon ya shimfiɗa tabarma, ya juya ɓarin, ya bi ƙashin baya da babban yatsa a hankali. Can wajen ƙugu ya tsaya, lakar duk ta koma gefe guda.

"Wanga ba hannun yayana ba na."

Baba ya ce lafiyarsa lau, baƙi ne suka yi masa yawa. Tsohon ko kallonsa bai yi ba, ni ya duba. "Ke ɗiyata, hwaɗi mini gaskiya." Wayyo, sai kuka ya ƙwace mini! Na faɗi komai, Baba yana hararata.

Ko tsoka ɗaya bai ci ba. Sandarsa ya ɗauka, Baba ya hau da shi jakin, muka sake kewaye jandarma ta gonaki. Da Kaka ya gan shi a ƙofar zaure ya hau faɗa, "Wa ya kira ka, mai taurin kai?" Faɗan bai yi nisa ba muryarsa ta karye. Ƙanen ya zauna da mu duk daminar, shi yake riƙe wa Kaka ludayi in zai sha fura. Kafin a yanke gero Kaka ya rasu, kansa a cinyar ƙanensa.

Yanzu ba mai ɗora nama a jaki, gaisuwar salla ta koma waya. Ƙanena yana Legas, kullum lafiya lau yake ce mini, amma watanni biyu ke nan muryarsa ba ta kwanta mini ba. Na gaji da yarda da shi. Gobe da safe zan shiga mota.