Kilim Don Ragon Malam Sule

Katanga ɗaya ta raba gidana da na Malam Sule mai kiwon raguna, nan Tawa. Tun marigayi maigidana na da rai muke maƙwabtaka, har yau ban taɓa jin Malam Sule ya tambayi mutum ko ya ci abinci ba. Rago yake tambaya.

Haihuwar Bambeye ne. Ya taso yana bin awakin mahaifinsa, ya shigo birni yana saurayi, ya zauna kasuwar dabbobi har ya gane cewa turke ya fi yawon daji. Sallarsa ba ta wuce shi, wannan na shaida. Amma in ya idar, kafin ya gaida matarsa Zaliha sai ya leƙa rumfa ya gaida raguna, ya shafa gadon bayan kowanne, ya ƙara musu dusa da harawa. Komai na duniya da hannu yake auna shi. Ko kankana zai saya sai ya ɗaga, mai nauyi ita ce mai kyau.

Yana da wata tsohuwar mota mai kilim, abin nan da ke sanyaya ciki. Ba a kunna shi don mutum. Ya ce ɗan Adam na da bakin neman ruwa, rago ba shi da shi. Zaliha ta sha zama cikin motar nan tana fifita da gefen mayafi.

Bana da bazara ɗiyarsu Jamila ta haihu a Barmou, haihuwar fari. Tun cikin na ƙarami Malam Sule ya ware wani farin balami don suna, ya turke shi cikin inuwa har kitse ya hana shi saurin tashi. Ya riga ya cika baki gaban surukai cewa Barmou ba ta taɓa ganin irinsa ba. To rago irin wannan, in ya sha rana cikin mota, numfashi ke sarƙe shi ya mace a hanya. Suna kuwa ba ya jira. Sai ga shi ana saura kwana kaɗan kilim ya fara hura wuta.

Sidi makaniki, mutumin Damagaram mai garaji bakin layinmu, ya duba ya ce kwamfaresa ta mutu, wato ƙarfen da ke tura sanyin.

"Baba Sule, bari in kwance ta mu tafi da ita wajen masu tsoffin piyas, 'yan kayan gyaran mota, a gwada."

"Ni za ka koya wa saye? Kai dai tsaya ga sawa."

Ya tafi shi kaɗai. Da la'asar ina shara ƙofar gida sai ga shi bisa kabu-kabu rungume da wani ƙarfe kamar turmi. Ashe duk na rumfar masu piyas ya ɗaga ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓo wadda ta fi nauyi.

"Taɓa ka ji, Sidi. Wagga ta ci ta ƙoshi."

Sidi ya juya ta, ya kara ta jikin inji, ya yi dariya har ya zauna ƙasa.

"Baba, wannan ta motar sahara ce! Dubi ramukan ƙusa, ko ɗaya bai hau ba. Layya za ka yi da ita?"

Washegari Malam Sule ya koma, wannan karo da sunan motarsa a baki. Anka ba shi wadda anka ce ta irin motar ce. Ita ma ta ƙi. Faifan bakinta, inda igiyar roba ke zagayawa, ya fi igiyar faɗi. Sidi ya goge baƙin mai jikin injin ya duba da kyau, sai ya ɗago.

"Ashe injin ga ba na motar ga ba ne. Wanda ya sayar maka ya cire na esansi, mai shan fetur, ya sa na gazuwal, mai shan dizal. Suna na baya daban, abin da ke ciki daban."

"Shekara da shekaru ina hawan ta ban sani ba?"

Zaliha na tsaye kusa da ni, ta ce a hankali, "Ni ma haka yake zaune da ni, Inna."

Na ja mayafi na rufe baki, ina istigfari.

Ranar jajibirin suna da safe Sidi ya kwance tsohuwar, ya sa Malam Sule gaba sunka tafi tare. Sunka dawo da wata ƴar ramammiya wadda Malam Sule ya ce ko kyauta da ba zai karɓe ta ba. Ƙusoshi sunka hau, igiya ta zauna. Anka zuba gas ɗin kilim, sanyi ya taso.

Anka cire kujerar baya, balami ya kwanta bisa tabarma. Ni da Zaliha munka matsu a gaba. Duk ramukan sanyin Malam Sule ya karkata su baya, mu abin da rago ya rage muke samu. Duk da haka Zaliha ta yi barci kafin mu fita gari.

Rago ya sauka Barmou da ƙafarsa. Unguwa ta fito kallo, har da surukai. Da safe anka raɗa wa jariri suna Aminu, anka yanka balami, Malam Sule ya juya baya yana duba tayar mota.

Da za mu dawo rana ta take. Ya tada mota, bai taɓa kilim ba. Zaliha ta buɗe kwanon da ke bisa cinyarta, ɗanyen nama ne da surukai sunka ba mu.

"Malam, ragonka fa na cikin mota. Kitsen nan ba ya son rana."

Ya leƙa kwanon, ya danna naman da yatsa. Ya miƙa hannu ya kunna kilim, ya juyo ramukan duka wajen cinyar Zaliha.