Rijiyar da Ke Dafa Wake

Malam Nata'ala marini bawana ne. Kada wani ya zaro mani ido. Uwarshi, Gwaggo Adama, ƙanwar ubana ce, ka ga taubashina ne, kuma duk ƙasar 'Yargoje ni kaɗai ke kiran sunanshi gatsal in kwana lafiya. Tunda ya riga mu gidan gaskiya, bari in faɗi yadda yake, in ya so ya rama ranar da muka haɗu.

Gajere ne, ga tumbi, ga hannuwa shuɗɗa har gwiwa saboda baban rini. Ramukan rini bakwai ya gada a kan tudun bayan gari, kuma rininshi ba ya zuba, shi ya sa Fulani tun daga dajin Sabuwa suke kawo mashi saƙi. Aibinshi ɗaya: ba ya zubar da komai. Tsumma, fasasshen tulu, tsinkakkiyar igiya, duk wai wata rana za a nema. Toka kuwa kamar ita ta haife shi. Rini ba ya kamawa sai da toka, to shi ko wadda ta gama aikinta ba ya rabuwa da ita. In rami ya mutu aka kwashe katsi, wato dagwalon toka da baba da ke kwantawa a gindi, sauran marina su ɗebi na yin laso su kai saura daji. Shi sai ya tara. Shekara ashirin yana tarawa, har tsibin ya fi dangar gidanshi tsawo, awaki na hawa suna hango kasuwa.

Gwaggo ta rasu wajen alif ɗari tara da hamsin da biyu, in ji masu lissafin boko. Ta ƙare rayuwarta tana ɗauko ruwa daga rafi, har wuyanta ya karkace. Wannan abu ya tsaya wa Nata'ala a rai. Bayan sadakar arba'in ya kira masu haƙa, ya ce a gina rijiya sadaka, duk gugan da aka ja ladan ya je wa Inna. Ina aka gina ta? A filinshi mana, gindin tudu, bakin hanya, inda kowa zai samu. Gaba goma sha biyu aka tarar da ruwa garai-garai. Ranar ya yi ta zagaya rijiyar yana murmushi shi kaɗai, ni ma na kasa tsokanar shi.

A damina ta uku ruwan ya fara canzawa. Matarshi Fatsuma ta fara lura. Ta ɗora wake, ta shiga ɗaki neman kanwa, kafin ta fito wake ya yi luguf. Miyar kuɓewa ta riƙa yauƙi ba a saka mata komai ba. In ka yi wanki dauɗa ta fita ba sabulu. Ruwan dai yana da santsi a hannu da ɗan bauri a harshe, amma wa ya damu? Kafin wata guda mata na zuwa da tuluna daga ƙauyukan hanyar Faskari. Nata'ala ya kumbura kamar zai fashe, yana gaya wa kowa albarkar Inna ce ta fito fili. Ni ma ba zan wanke kaina ba, na ɗiba, na daina sayen kanwa, har na yi wa maƙwabta gori.

Mai hankali ɗaya aka samu a garin, shi ne jakin Nata'ala. In an ajiye mashi ruwan sai ya sansana, ya yi tsaki irin na jakai, ya juya baya. Ubangidanshi ya ce ai dabba ba ta san albarka ba. Shanun Mamuda, wani Bafulatani da ke shayarwa a wurin, su ma suka ƙi, Mamuda ya mai da su rafi.

Sai yara suka fara zawo. Leɓɓansu na tsagewa, tafin hannun mata na saɓulewa. Aka ce sabon gero ne. Aka ce iska ce. Aka ce wata tsohuwa ce mai kambun baka. An zargi komai da kowa, ban da rijiya, don wane ne zai buɗe baki ya ce ruwan sadakar mamaciya na sa ciwo? Ɗiyata Bilki, tana shekara huɗu, ta rame har ina ƙirga haƙarƙarinta. Na tafi da ita bikin suna a Ƙanƙara, muka yi kwana takwas, yarinya ta miƙe tana guje-guje. Muka dawo, kwana uku ciki ya sake ɓaci. Nan fa hankalina ya tashi ƙwarai.

Wata safiya, bayan an kwana ana ruwa, ina tace toka zan haɗa sabulu. Kowace mace ta san aikin: ka cika ƙwarya mai huji da toka, ka zuba ruwa a kai, ya riƙa ɗiga cikin kasko. Na taɓa abin da ya ɗiga in ji ko ya yi ƙarfi, na kai harshe. Wallahi santsin ruwan rijiyar nan ne, baurin nan ne. Na ɗaga kai na hango tsibin Nata'ala a kan tudu, jiƙe sharkaf, ruwa ya yi mashi zane-zane, kuma duk zanen gindin tudu ya nufa.

Ko mayafi ban gyara ba. Na kinkimi ƙwarya da kasko, na biya na ja guga ɗaya a rijiya, na dire su gaban Nata'ala a marina, gaban abokan aikinshi.

"Bawa, zo ka ɗanɗana."

Ya yi dariya, ya ce halan yau uwargijiya ta tuna da bawanta ta kawo mashi fura. Ya lasa na kasko ya yamutsa fuska. Ya lasa na guga. Dariyar ta tsaya.

Na ce, "Ƙwaryar nan tsibinka ce. Ruwan sama ya zubo ta kai. Kaskon da ke ƙasa kuwa rijiyar Gwaggo ce."

Mutumin da tun muna yara bai taɓa bari na yi maganar ƙarshe ba, sai ga shi ya zauna daɓas a ƙasa. Ya kalli tsibin, ya ce a hankali, "Ke nan ciwon cikin ɗiyan mutane nake ta aika wa Inna?"

Tausayinshi ya kama ni, na yi da-na-sanin faɗa mashi a gaban jama'a. Amma Bilki na gida kwance, ban janye ko kalma ɗaya ba.

A ranar ya rufe bakin rijiya da itace da ƙaya. Mata suka yi ca a kanshi, wai ya hana su albarka. Ya ɗaura wa jaki mangala, ya shiga kwasar tsibin nan zuwa wani fako mai nisa, inda ba rijiya ba rafi. Rani guda cur yana jigila, mutumin da ba ya iya yar da tsumma. Tumbin ya zube, na ce mashi ashe dama akwai wuya a jikinshi. Yara kuwa suka warware, Bilki ta mai da kumatunta.

Sau uku aka yashe rijiyar. Kowace Juma'a, in an sauko daga masallaci, sai ya ɗage ƙaya ya ja guga ya ajiye gaban jaki. Jaki ya sansana ya juya. Abin ya zama kallo, har aka sa wa jakin suna Dubagari. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta. Dattawa suka ba shi shawara ya cike ramin kawai ya huta. Ya ce a bar shi zuwa kaka, in Dubagari bai sha ba, shi da hannunshi zai binne ta. Na san abin da wannan magana ta ci mashi, don a wurinshi binne Inna ne karo na biyu.

Juma'ar da aka fara yankan gero, ya ajiye guga kamar kullum. Jaki ya sansana. Ya sake sansanawa, ya kaɗa kunne, ya tsoma baki. Bai ɗago ba sai da ya ga gindin guga. Nata'ala ya ja wani, ya yi bisimilla ya kurɓa. Na tambaye shi ya ɗanɗanon yake.

"Ba ya da ɗanɗanon komai," in ji shi, hawaye na bin gemunshi.

Washegari Fatsuma ta ɗora wake da ruwan, kuma don sabo ta manta da kanwa. Har azahar wake na ƙwaras-ƙwaras a tukunya, tana ta mita. Ta zuba mashi haka nan don haushi. Ina zaune ina jin ƙarar haƙoranshi, ya cinye tas, ya miƙa mata akushi ya ce a ƙara mashi.