Ranakun da Ba a Kawo Citta Ba

Shekarar da citta ta ruɓe a ƙasa, ina aiki a siton wata ƙungiyar manoma a bayan kasuwar Kafanchan. Aikina na kwamfuta ne. Duk wanda ya kawo buhu, mai awo ya auna, ni kuma in shigar da sunansa da ƙauyensu da lokacin da ya iso cikin rumbun bayanan da na haɗa wa ƙungiyar. A shekarun baya, da kaka ta kama ko abinci a tsaye nake ci. Ƙurar busasshiyar citta ta cika ofis, mu yi ta atishawa, 'yan acaɓa daga Kagoma suna ta sauke kaya a ƙofa.

Ciwon cittar ya fara ne a tsakiyar damina. Ganye ya koma rawaya, in ka tono sai ka tarar saiwar ta narke, ga wari. Yayata, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara da gona a Kagoma, ta shuka duk irin da ta ajiye. Ta kira ni a waya ta ce, "Ƙanena, zo ka gani da idonka." Na hau mashin na je. Muka tsaya a bakin gonar, tana tono da fartanya tana miƙo mini, ina karɓa ina jefarwa. Har na tafi ba ta yi kuka ba.

Wajen Kirsimeti, shugaban ƙungiyar ya shigo ofishina. Tsohon hedimasta ne, kuma dattijo a ikilisiyarmu. Ya ce, "Ɗana, akwai baƙi da za su zo daga Kaduna, za su duba ko a taimaka mana da iri. Fito mini da abin da aka kawo kowace rana, na bara da na bana, su gani."

Aikin ba wuya. Kowane buhu yana ɗauke da lokacin shigowarsa har da minti, don haka na fara yanke sa'a na bar kwanan wata kawai. Sannan na rubuta umurni da SQL, yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi: GROUP BY ya tara buhunan rana-rana, COUNT ya ƙirga su. Na bara ya cika shafuka. Na bana bai kai rabin shafi ba.

Na kai masa. Ya sa tabarau, yana bi da yatsa, sai ya tsaya.

"Daga Litinin ka tsallaka sai Juma'a. Ina sauran? Ba mu buɗe ba ne?"

Na ce, "Mun buɗe, Baba. Ba wanda ya zo ne. Ranar da ba a shigar da komai ba, kwamfuta ba ta san da ita ba."

Ya cire tabarau. "Ni na san da ita. A kan bencin can na wuni. Je ka sa su duka."

Na koma na haɗa wani teburin bayanai a kwamfuta wanda ba komai a cikinsa sai ranakun kaka a jere, na liƙa shi da na buhuna ta hanyar LEFT JOIN, don kowace rana ta fito ko an kawo kaya ko ba a kawo ba. Gwajin farko ya nuna buhu ɗaya a kowace ranar da babu kowa, domin COUNT layin ranar kansa yake ƙirgawa. Na daɗe ina kallon allon kafin in gyara, in ce masa lambar buhu zai ƙirga. Sai sifili ya sauko daga sama har ƙasa, mako bayan mako.

A tsakiyarsu akwai wata Laraba mai ɗaya. Na tuna ranar. Yayata ce ta zo da abin da ta tsinto a gefen gonar, ta tsaga ta shanya, bai ko kai rabin buhu ba. Mai awo ya dube ni, na ce ya auna. Ta zauna a ofishina ta sha ruwa, ta tambayi lafiyar matata, ta tashi tun kafin rana ta yi zafi.

Baƙin sun zo su biyu. Suka karanta takardar, ɗaya ya ɗauki hotonta da waya, suka ce sun ji tausayinmu ƙwarai. Baba ya rufe taron da addu'a. Irin ya iso daga baya, amma kaɗan ne, kuma mutane sun riga sun tsorata da ƙasar. Yayata ta ƙi karɓa. Masara ta shuka. Babbar 'yarta, wadda ke shirin shiga makarantar koyon aikin jinya, ta tafi Abuja aikatau a gidan wata 'yar ikilisiyarmu.

Kafin wata kakar, an ba wani mai sayar da siminti hayar siton. Baba da kansa ya miƙa makulli. Ni na kwafi bayanan a filas, 'yar na'urar ajiyar bayanai, na goge kwamfutar, aka kai ta ofishin faston cocinmu. Yanzu ina koyar da yara kwamfuta a wani shago kusa da tashar jirgin ƙasa. In na je Kagoma ranar Lahadi, Yaya ta gasa mini masara, mu yi hirar yara da ta coci, har magariba ta yi in kama hanya.