Wushiryar Inna

Innarmu mace ce mai dariya da baki buɗe. In tana ba da labari a tsakar gidanmu na Fakku, har maƙwabta suna jiyo ta, kuma duk wanda ya san ta da wushiryarta ya san ta, 'yar ƙofar nan ta tsakanin haƙoran gaba da matan garinmu ke taƙama da ita. Sai ciwon dasashi ya kama ta, haƙoran gaban nan biyu suka yi ta girgiɗi har suka fita. Daga nan Inna ta koma magana da gefen mayafi a baki, ta daina zuwa biki, ko jikoki sun yi abin dariya sai ta kau da kai. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Ni a Tambuwal nake koyarwa, kuma duk zuwan da na yi gida sai na yi mata zancen asibitin haƙori a Sakkwato. Uzuri kuwa ba ya ƙare mata. Yau hanya da nisa, gobe ana girbin gero, jibi wai an ce taɓa dasashin sama yana kashe ido. Da na matsa, ta fito da gaskiya: ba za ta hangame baki a gaban ƙato ba. Ina da saurin fushi, na kuma yi shi, bai tsinana mini komai ba. Abin da ya yi aiki shi ne wata abokiyar aikina da ta dawo daga can tana cewa mace ce ta duba ta, har da hira. Ranar ko abinci ban tsaya ci ba, na hau babur na kai wa Inna albishir.

Zuwanmu na farko mun sha zaman jira har Inna ta fara neman takalmanta. Amma da muka shiga, likitar ta ba ta haƙuri, ta tambayi mutanen gida, kuma ba ta sa mata komai a baki ba sai da ta nuna mata shi tukuna. Ta ɗauki awon bakin da wani abu mai laushi kamar ƙullu, ta ce a dawo karɓar haƙoran roba. A motar komawa, duk wanda ke kusa da Inna sai da ya ji labarin likitar nan.

Ranar karɓa ni na fi ta ɗoki. Aka saka mata, aka miƙa mata madubi, ni ina tsaye kamar in yi guɗa. Haƙora farare tas, a jere, manne da juna. Inna ta duba ta sake dubawa, sannan ta cire su ta ajiye a faranti.

"Wanga ba bakina na ba," in ji ta.

Raina ya ɓaci, na fara sababi a kan wahalar hanya. Likitar ta ɗaga mini hannu, ta ja kujera kusa da Inna ta tambaye ta abin da ya rage. Da ta ji zancen wushirya sai ta yi murmushi, ta ce laifinta ne da ba ta tambaya ba tun farko. Za a iya sake su, amma sai ta san faɗin ƙofar. Na laluba hotunan wayata, duk a banza, don Inna in ta ga kyamara tsuke baki take yi.

Sai Inna ta nuna ni da yatsa. "Ga ta nan bakin ɗiyata. Ni nib ba ta."

Haka na tsinci kaina a kujerar marasa lafiya, baki a hangame, likita tana auna wushiryata, hawaye na bi mini ta gefen kunne, ba damar magana. Murna ce zalla. Inna ta taso ta tsaya a bayan likitar tana leƙe kamar mai duba aikin tela.

"Likita, ki ƙara faɗi kaɗan," ta ce. "Tawa ta fi tata kyau."

Ta kwashe da dariya, dasashi a waje, ba ta ko damu ba.