Ranar da Akun Malam Ya Faɗa Manja

Shin Malam ya san ranar ce ta ƙarshe? Shekara huɗu ke nan ina tambayar kaina, har yau ban samu amsa ba.

Mijina, Malam, tela ne a unguwar Aboabo. Yana da aku mai jan wutsiya, wanda ya saya tun 'ya'yanmu suna ƙanana. Ni ban taɓa shiri da tsuntsun nan ba, don ya iya kwaikwayon muryata idan ina faɗa. Da ciwo ya kwantar da Malam, ni na koma ba akun gyaɗa, ina yi ina tsaki.

Wata safiya na juye manja a roba zan yi miyar kontomire, wato ganyen gwaza, na tafi famfo. Na dawo na tarar da akun a cikin robar, ya yi ja wur har wuya. Allah ya taimaka man ba zafi. Amma ya fara tsefe gashinsa da baki, yana haɗiyewa.

Na ruga na ɗauko kananzir, da shi muke cire fenti a hannu. Malam yana kwance a tabarma bakin ƙofa, ya ce, "Ke tsohuwa! Ajiye wannan, kashe shi zai yi."

Na ce, "To in yi masa me? Manja ya sha, saura albasa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sannan ya ce in kawo garin masara. In barbaɗa, in shafa yadda gashin ya kwanta, kada in tayar da shi. Garin ya tsotse man, na kakkaɓe, na sake, har sau uku. Sai ruwan ɗumi da ɗan sabulun alata, wato baƙin sabulu. "Taɓa da gwiwar hannu, kamar za ki wanke jariri. Kare masa ido da hanci." Yana faɗa a hankali, yana maimaitawa, shi da ba ya son maimaita magana.

Akun ya cije ni a yatsa, ban sake shi ba. Na ɗauraye har kumfa ta ƙare, na naɗe shi a tsohon tawul. Yana ta karkarwa. Na manna shi a ƙirjina, na zauna a hantsi kusa da Malam, har karkarwar ta tsaya.

Tsakanin azahar da la'asar Malam ya cika, cikin barci. Allah ya jiƙansa.

Akun yana nan. Kowace safiya sai ya kira, "Ke tsohuwa!" da muryar mai shi. In yi kukana, in share ido, in miƙa masa gyaɗa. Zamanmu lafiya.

Kafin barcin nan ya ɗauke Malam, ya daɗe yana kallonmu, ni da tsuntsun, sannan ya ce, "To, kin iya. Riƙe shi haka har ya bushe, ni bari in ɗan kwanta."