Fom Ɗin da Aka Kawo wa Labaran

Labaran yana da shekara arba'in da uku, faci yake yi a bakin titi a Garki. Ya yi shekara tara yana shan kodin da tiramol. Shekara huɗu ke nan da ya daina, bayan kwanciyar wata biyu a asibitin ƙwaƙwalwa. Duk Juma'a bayan la'asar, mutum biyar da su ma suka daina sukan taru a ɗakinsa na langa-langa a Durumi, kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance.

A watan jiya wata jami'ar gwamnati, Hajiya Nabilah, ta same shi a wurin aiki. Ta ce an fara shirin wayar da kai kan shaye-shaye: waɗanda suka warke za su yi magana a rediyo, likita kuma zai riƙa duba su kyauta. Ta miƙa masa fom na rubuta sunayensu da adireshi.

"Hajiya, wa ya ba ki sunana?"

"Asibiti."

"To, kin gani. Can ma fom na cika."

Sau biyu a zamansa na Abuja an zo unguwarsu an rubuta sunaye, daga baya aka shafa jan fenti a bango, katafila ta rushe ɗakunan. Tun daga nan bai yarda da takarda ba.

Ranar Juma'a ya nuna wa masu taruwa a ɗakinsa fom ɗin. Ɗan'auta, direban wani ɗan kasuwa, ya ture shi gefe.

"Oga Labaran, in maigidana ya ji muryata a rediyo, wa zai ƙara ba ni makullin mota? Kai?"

Aka yi dariya. Andrew, mai aikin fenti, bai yi ba. Mako uku ba ya iya barci, ya kuma ce ya fara bi ta layin da ake sayar da ƙwaya. Likita yake bukata, shi Labaran ya san haka.

Talatar da ta wuce Labaran ya je ofishin Hajiya Nabilah tare da Andrew. Sunan kansa kaɗai Labaran ya rubuta, ya sa wurin faci a matsayin adireshi, aka naɗi muryarsa minti uku. Da aka kira shi ganin likita, ya ce ɗan rakiyarsa ne zai shiga. Ya zauna a bakin ƙofa yana lura da duk wanda ya wuce da biro.