Aljanin Tsamiyar Hanyar Iyaka

Na manta da motoci da yawa da suka ratsa ta hannuna, amma bos ɗin yayana ko a mafarki na gan ta zan gane ta, kuma ranar da ta tona min asiri a gaban mata goma sha biyu ba za ta taɓa fita daga raina ba.

A lokacin ina da ɗan garejina a Bagudo, kuma kaina ya yi girma ƙwarai, saboda na sayo ƙaramar kwamfutar nan da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Ko tayar mutum ce ta yi faci sai na ɗauko ta, don dai a gani. Yayana kuwa direba ne. Bos ɗinsa mai shan gas ce, wato dizal, kuma da ita yake ci da iyalinsa. Duk ranar kasuwar bakin iyakar Benin yakan kwashi mata 'yan kasuwa da kayansu, albasa da man gyaɗa da busasshen kifi. Shekara da shekaru su ne fasinjansa.

Al'adar direbobinmu ita ce kafin a kama hanyar iyaka a cika tanki a gida, don mai ya fi tsada a can. Cikawa kuma ba ta wasa ba. A jarka ake sayen gas, a ɗura, mutum biyu su kama motar su yi ta girgiza ta har man ya zauna, a sake ɗurawa sai ya leƙo baki.

To sai motar ta ɓullo da wani hali. Za ta tashi lafiya ta yi ta gudu, amma da an kusa wata tsohuwar tsamiya da ke gefen hanya sai ta fara shiƙa, ƙarfinta ya tafi, ta mutu murus. Yayana ya buɗe gaba ya duba, ya yi addu'o'i, a tura, ta ƙi. Sai an ɓata fiye da awa guda, can ya buɗe tanki ya zura kara ya ga ko da mai, don agogon man ya daɗe da mutuwa, ya sake murza makulli, sai ta tashi kamar ba ita ba. Kafin su isa kasuwa rana ta take, manyan masu sari na ƙetare sun yi sayayyarsu sun tafi.

Ya kawo min ita. Na jona kwamfuta, ta ce mai ba ya isa inji da ƙarfin da ya kamata. Na ce wannan ai aikin minti goma ne, na canza filta. Mako ya zagayo, ta mutu a tsamiya. Na sauke famfon mai na sa wani. Ta mutu a tsamiya. Na kwance nozul masu fesa wa inji mai na wanke, na bi tiyo ɗaya bayan ɗaya ina neman inda iska ke shiga. A gareji sai ta yi ta kiɗa mai daɗi, in buga ƙirji in ce an gama. Ranar kasuwa ta je gindin tsamiyarta ta kwanta.

Kun san mutanenmu da tsamiya. Kafin wata ya ƙare magana ta cika gari cewa motar ta taka ɗan aljani, iyayensa ne ke tare ta. Wata safiya yayana ya zo ya zauna a kan bencina, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Matan ga sun ce in ta ƙara mutuwa a wurin ga, sun bar ni ke nan. Ba su shiga mota mai iskoki. Kai kuma kullum ka ce an gama." Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba, kuma na san bakuna nawa ke jiran motar nan a gidansa.

Na ce wannan karon da ni za a je. Ranar kasuwa na shige gaba da kwamfutata a cinya, ina ta yi wa matan bayanin cewa ba wani aljani, ilimi ne kawai. Ban rufe baki ba tsamiya ta bayyana, mota ta yi tari biyu ta mutu. Wata ta fara salati, wata ta ce a sauke mata kwandonta. Ni kuwa na shige ƙarƙashin banet ina zufa, kwamfuta na maimaita min abin da na riga na sani.

Akwai wata tsohuwa mai man gyaɗa, mutuniyar Kurgu, wadda kullum kujerarta tana saitin bakin tanki. Ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗana, in tambaye ka mana."

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, aiki nake."

Ta ce, "Ni ban san aikinku ba. Amma mi ya sa duk sadda yayanka ya buɗe wurin man ga sai ta ja lumfashi awa wadda anka shaƙe? Kuma ba ta tashi sai ta ja shi. Ni dai in zan juye mai daga garwa, huji biyu nika yi. In guda na, ba ya zuba."

Na so in yi dariya, amma sai na ce wa yayana ya buɗe tankin a hankali, na kara kunne. Fuuuu! Tankin ya zuƙi iska da ƙarfi har ƙarfensa ya yi ƙara. Nan take na gane. Mai na fita, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, famfo ya yi ta ja har ya gaji. Tunda kullum da tanki cike maƙil ake barin Bagudo, kullum a wuri ɗaya numfashinta ke ƙarewa. Tsamiya tana tsaye ne kawai a inda abin ke faruwa.

Na kwanta na shiga ƙarƙashin motar ina neman siririn tiyon da tanki ke shan iska ta cikinsa. Na same shi. A bakinsa akwai ƙusa mai kauri, an ɗaure ta tamau da robar tsohon tub ɗin taya, ɗauri mai kyau irin na gwani. Ɗaurina ne. Watanni biyu kafin nan yayana ya yi min ƙorafin cewa in an girgiza mota gas na tsiyaya ta wani tiyo, ni kuma na toshe shi ina cikin hira, na ƙara wa murfin tankin roba don kada ko ɗigo ya fita, na manta.

Na daɗe a kwance a wurin. Zuciyata ta ce in zare ƙusar in jefa aljihu, in fito in ce kwamfuta ta gano wani abu mai suna da Turanci. Ba wanda zai sani. Amma ina jin matan a sama suna shawarar motar da za su koma, wata na cewa ko ta tashi yau, masu wurin ba su yafe ba. In na ɓoye ƙusar nan, sunana ya tsira, yayana kuma ya rasa fasinjansa.

Na fito da ƙasa a ƙeya, na ɗaga ƙusar sama na ce, "Iyayena, ga aljanin. Ni na sa ta da hannuna."

Sai dariya ta ɓarke. Wadda ta sauke kwandonta ta mayar da shi tana cewa, "Ashe aljanin tare da shi munka taho, har da kwamfutarshi!" Yayana bai yi dariya ba. Ya karɓi ƙusar ya jujjuya ta, ya dube ni ya ce, "Shiga mu tai, rana na yi." Muka isa kasuwa masu sari ba su watse ba, kuma ko mace ɗaya ba ta bar motarsa ba.

Na sha tsokana ta kusan shekara, har garejina aka riƙa yi wa kwatance da wurin aljani. Amma tun daga ranar, in mota ta gagare ni, kafin in zargi famfo ko filta sai na fara tambayar kaina abin da hannuna ya taɓa a jikinta, sannan in tambayi wanda ke zama cikinta abin da kunnensa ke ji. Na kuma koyi cewa faɗin "ni na yi" yana da ɗaci, amma minti ɗaya ne, kuma da shi gidan yayana ya ci gaba da ɗora tukunya.